Littafin Zurfi

Abu biyu ubana Eusebio ya bar mini:
injin burtsatse mai tarin tsufa,
da littafin da yake rubuta zurfin kowace rijiya.
Shafin farko: gonar Armenta, ƙafa tamanin, ruwa garai-garai.
A lokacin auduga ce ke kwana a yammacin Finiks,
dila na kuka a bayan shinge,
taurari sun sauko har kana iya ɗiba da ludayi.

Yau inda audugar take, rufin gidaje ne,
jajaye, kansu ɗaya, har ƙarshen gani.
Sun raɗa wa tituna sunayen ruwa:
Layin Marmaro, Titin Tafki, Unguwar Bakin Kogi.
Kogin kuwa na san shi tun ina goye,
yashi ne, da tsohuwar taya.

An ce baƙo raɓa ne.
Mai maganar bai taka Arizona ba.
Nan raɓa ba ta sauka,
baƙo kuma ba ya tashi.

Ga Halvorsen, tsohuwa daga Minesota,
dusar ƙanƙara ta cinye mata gwiwa,
likita ya ce ta bi rana, ta biyo.
Ga Dariel da matarsa, haya ta koro su daga Kalifoniya
da katifa biyu da kare.
Ga Luzviminda, nas ce, tana aikin dare,
tana tura wa Manila rabin albashi.
Duk wanda ka tambaya da hujjarsa,
kuma hujjar tana shan ruwa.

Ƙarfe uku na dare muke tada inji,
domin in hantsi ya yi, ƙarfe cizo yake.
Na ga tsuntsu a inuwar tanki, baki buɗe, ya manta waƙa.
Na ga sagwaro, dogon murtsunguwan nan mai shekara ɗari biyu,
ya ɗaga hannuwa gaban katafila
kamar wanda aka tare a hanya.
Suka rataya masa lamba, suka kai shi ƙofar banki.

A filin Halvorsen na haƙa kwana tara.
Ƙafa ɗari shida, ƙura.
Ɗari tara, ƙura mai sanyi.
Takan fito da kofi, ƙanƙara na kaɗawa a ciki,
ruwan da ta saya a tanka take ba ni
don in nemo mata ruwa.
Ba ta tambaya. Fuskata kawai take karantawa.

Da can rijiya kan bayar, guga ya hana.
Nan guga ya yarda, igiya ta ƙaru,
rijiyar ce ke ja da baya.

Ran nan na yi ƙorafi gaban tsoho Silvester,
ɗan O'odham, wanda kakanninsa suka ja kwalbatin farko a kwarin nan.
Na ce, mutanen nan sun yi yawa.
Ya daɗe yana kallon takalmina.
Ya ce, haka kakata ta faɗa
ranar da kakanka ya iso daga Sonora da alfadari.

Na yi shiru.
A makon ne 'yata Itzel ta haifi tagwaye,
na ɗauke su, na yi kuka, na gode,
ban ƙirga su cikin yawan ba.

Kwana na goma, da asuba, bututu ya yi gyatsa.
Laka, sai ruwa, mai ɗumi kamar jini,
ruwan da ya kwanta tun kafin a san sunan ƙishi.
Halvorsen ta tsoma hannu har gwiwar hannu tana dariya.
Ni kuwa na buɗe littafin ubana a kan bonet:
ƙafa dubu da ɗari biyu, da ɗan gishiri.

Saura shafi uku.
Can bakin hanya, wata motar kaya ta kunna sigina.